Daga Malamin Asibiti Zuwa Nas Mai Rajista: Tarihin Sunayen Ma'aikatan Jinya A Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a babban asibiti a Kano ko Sakkwato ko Zariya ya san cewa sunaye biyu rak Bahaushe ya tanada domin mutanen da ke kai da kawowa cikin fararen kaya. In namiji ne, likita. In mace ce, nas. Ba ya tambayar takarda, ba ya duban muƙami. Amma in aka dubi ɗan allon da ke maƙale a ƙirjin waɗannan ma'aikata, ko hatimin da suke bugawa a takarda, sai a ga jerin baƙaƙen boko sun biyo bayan suna: RN, RM, RPHN, BNSc, ko kuwa CHEW. Kowane ɗaya daga cikinsu yana faɗin abin da mai shi ya karanta, da hukumar da ta yi masa rajista, da iyakar abin da doka ta yarda ya yi wa jikin ɗan Adam.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda wannan rata ta samu tsakanin bakin mara lafiya da takardar ma'aikaci. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, sunayen Hausa sun bi abin da ido ya gani, watau jinsin ma'aikaci da aikin da aka tarar yana yi, su kuwa baƙaƙen nan sun bi rajista, wadda aka ƙaga a Ingila, ta kuma iso Arewa bayan sunayen Hausa sun riga sun zauna daram.

Jinya kafin zuwan asibiti

Kalmar jinya, wadda wasu ke furtawa jiyya, tsohuwa ce a Hausa, kuma fuska biyu gare ta. In aka ce wane yana jinya, shi ne ba shi da lafiya. In aka ce wance tana jinyar mijinta, ita lafiyarta ƙalau, ɗawainiya take yi. Haka nan mai jinya da majinyaci, sai an dubi zancen kafin a san wa ake nufi, na kwance ko na zaune a gefensa. Wannan harshen damo ba banza ba ne. A wurin Bahaushe cuta ba ta mutum ɗaya ba ce, gida take kamawa. Kuma jinya ba sana'a ba ce, haƙƙin zumunci ne da na aure. Uwa, ko mata, ko 'ya, ko ƙanwa ita ke dama kunu, ta wanke tufafi, ta kwashe bahaya, ta kwana ido biyu. Ba a biyanta, kuma da za a miƙa mata lada da ta ɗauka zagi ne.

Masu sana'ar magani daban suke. Akwai wanzami mai ƙaho da kaciya da cire belu, akwai maɗori, da boka, da 'yar mai ganye, da malami mai rubutu. Galibinsu gado suka yi, wasu har da sarauta, kamar Sarkin Aska. Shaidarsu ita ce gidan da suka fito da bakin jama'a. Abin lura a nan shi ne babu ko ɗaya daga cikinsu da ke zama tare da mara lafiya dare da rana. Kiransu ake yi, su zo su yi aikinsu, a sallame su. Saboda haka mutumin da zai zauna ya yi jinyar bare, a biya shi a ƙarshen wata, baƙon abu ne da harshen bai tanadar masa suna ba.

Ungozoma ce ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin sunanta ne aka ara aka ba ma'aikaciyar asibiti. A al'ada ungozoma tsohuwa ce wadda ta daina haihuwa. A yawancin gidaje ba ita ke karɓar haihuwa ba. Mai naƙuda kan durƙusa ita kaɗai, saboda kunya da nuna jarunta, sai bayan jariri ya faɗo a aika a kira ungozoma. Aikinta yanke cibiya, da binne mabiyiya, da wankan jariri, da taya mai jego wankan ruwan zafi a kwanakin farko. Ke nan aikinta na bayan haihuwa ne. Ita kuwa ta asibiti, aikinta ya faro tun daga awon ciki, kuma tsakiyarsa shi ne sa'o'in naƙuda, inda ake so ta gane alamun hatsari, kamar zubar jini da jijjiga da doguwar naƙuda, tun kafin su ci rai. Suna ɗaya ne, amma aikin ya sha bamban, kuma za a ga illar wannan a gaba.

Ba za a ce tarihin Musulunci bai san jinyar bare ba. Littattafan sira sun ambaci Rufaida, wadda ta kafa tanti a masallacin Madina tana kula da masu rauni, kuma a can aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan Yaƙin Handaƙ. Malaman makarantun jinya na Arewa sukan kafa hujja da ita in iyaye suka yi ɗari-ɗari da sa 'ya'yansu mata. Sai dai wannan hujja daga baya aka nemo ta. Aikin da ake yi a asibitocin yau ba ta wannan hanya ya iso ba.

Asalin sunayen a Ingila

Kalmomin da Hausa ta ara kowace da tarihinta. Wadda ta zama nas, tushenta kalmar Latin ce mai ma'anar shayarwa, kuma da farko mai shayar da ɗan wani ko mai reno take nufi. Sista ta samo asali ne daga mata masu zaman ibada na addinin Kirista, waɗanda suka daɗe suna jinyar marasa lafiya a Turai, ana kiransu 'yan'uwa mata. Sunan ya zauna a kan shugabar ɗakin marasa lafiya ko da ba mai zaman ibada ba ce. Metiron kuwa daga kalmar Latin take mai nufin matar aure mai daraja, watau uwargida. Duka ukun sunayen mata ne, kuma duka ukun daga cikin gida aka ɗauko su: mai reno, da 'yar'uwa, da uwargida.

Wadda ta mai da wannan aiki na koyo a makaranta ita ce Florence Nightingale. A 1854, lokacin Yaƙin Kirimiya, ta tafi da mata 38 asibitin sojan Ingila da ke gefen Istambul, kuma da kuɗin da jama'a suka tara don girmama ta aka buɗe makarantar koyon jinya a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860. Abin mamaki, ita kanta ba ta goyi bayan rajista ba, domin a ganinta hali ne ke yin ma'aikaciyar jinya, kuma jarrabawa ba ta auna hali. Ungozomomi ne suka riga samun doka, a 1902. Ta masu jinya sai a 1919, shekara tara bayan rasuwar Nightingale, aka kuma buɗe littafin rajista a 1921. Daga waɗannan dokoki biyu aka sami SRN, watau nas wadda gwamnati ta yi wa rajista, da SCM, watau ungozoma wadda gwamnati ta ba shaida. A 1943 aka ƙaro mataki na biyu mai gajeren karatu, wanda daga baya aka sani da SEN.

Muhimmin abin da rajista ta kawo shi ne ta mai da suna abin da doka ke karewa. Daga ranar da aka kafa ta, kiran kai nas mai rajista ba tare da suna a littafi ba ya zama laifi, kuma wanda ya ci amanar aiki ana iya soke sunansa.

Malamin asibiti

Sa'ad da Turawa suka ci Arewa a farkon ƙarni na ashirin, asibitocin da suka fara kafawa a wurare irin su Lakwaja da Zungeru na kansu ne da sojojinsu. Matan Turawa masu jinya, waɗanda wata ƙungiya da aka kafa a Ingila a 1896 ke aikawa ƙasashen mulkin mallaka, galibi Turawa 'yan'uwansu suka zo yi wa aiki. Asibitin Barau Dikko na Kaduna, alal misali, gidan jinyar Turawa ne tun asali, kafin a sa masa sunan Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa.

A Kudu, 'yan mishan ne suka ɗauki nauyin asibitoci da koyar da 'yan mata. A Arewa kuwa alkawarin da Lugga ya yi wa sarakuna cewa ba za a taɓa addini ba ya sa aka taƙaita shigar mishan ƙasashen sarakunan Musulmi. Saboda haka manyan asibitocinsu suka tsaya a gefe, kamar Vom a Filato, wanda aka buɗe a 1922, da Garkiɗa, da Wusasa, inda mishan ɗin Dokta Miller ya koma daga birnin Zariya a 1929. Sai a ƙarshen shekarun 1930 aka buɗe musu ƙofa ta hanyar kutare, suka karɓi wurare irin su Yadakunya a Kano, da Babbar Ruga a Katsina, da Amanawa a Sakkwato.

To, wa talakan Kano ko na Katsina ya fara gani riƙe da maganin Bature? Ma'aikacin En'e ne. Tun daga farkon shekarun 1930 hukumomin En'e suka shiga gina ƙananan ɗakunan shan magani a gundumomi, irin waɗanda jama'a suka raɗa wa suna sha-ka-tafi. Wanda ake ajiyewa a ciki saurayi ne da ya yi elementare ko midil, aka ba shi horo na ɗan lokaci: wanke gyambo da ɗaure shi, ba da maganin zazzaɓi da na tsutsar ciki, da yin allura. Tare da shi akwai duba-gari, wanda Makarantar Tsabta ta Kano ta fara yayewa tun 1932, da mai lamba na rigakafin agana, da ma'aikatan ciwon barci da suka yi ta zagaya ƙauyuka suna lalube wuyan mutane, musamman a ƙasar Ancau, inda aka gina sabon garin Takalafiya. Dukansu maza ne. Kuma da yake duk wanda ya iya karatu da rubutu yana cin albashin En'e malam ne, kamar malamin haraji da malamin daji da malamin gona, sai wannan ya zama malamin asibiti.

Wannan suna Hausa ce tsantsa a gininsa, kuma ya dace da mai shi, domin bai yi da'awar komi ba sai wurin aiki. Amma a ƙauyen da ba a taɓa ganin likita na sosai ba, mutumin da ke duba mara lafiya, ya faɗi cutarsa, ya yi masa allura, ai shi ne likita. Tun daga nan kalmar likita ta buɗe ta haɗiye duk namijin da ke aikin asibiti, kuma har yau ba ta tsuke ba. Ya kamata a lura kuma cewa aikin malamin asibiti bai yi kama da jinya ba ko kaɗan; ya fi kama da na wanzami, a zo a yi, a tafi. Ko da aka gina manyan asibitoci masu gadaje, kamar Asibitin Birni na Kano a ƙarshen shekarun 1920, dangi ba su saki jinya ba. Sun biyo mara lafiyarsu da tabarma da buta da kwanon abinci.

Mata kuwa sun yi ƙaranci ƙwarai, kuma dalilin a fili yake. Makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina sai wajen 1930 aka buɗe su, cibiyar horon mata ta Sakkwato kuwa sai 1939. Yarinyar da za a aurar tana da shekara goma sha uku ko sha huɗu ba ta kai ga karatun da makarantar jinya ke nema. Don haka matan da suka fara cika ɗakunan haihuwa na Arewa yawancinsu 'yan Kudu ne ko 'yan makarantun mishan, da yawa ba su jin Hausa sosai. Kalmar nas ta shigo Hausa ne a kan baƙuwa, mai gajeren farin kaya da 'yar hula, kuma an daɗe kafin magidanci ya yarda a kira 'yarsa da ita.

Rajista a Nijeriya

Kamar yadda ya faru a Ingila, ungozomomi ne suka riga. Dokar 1930 ta kafa hukumar ungozomomi ta Nijeriya, wadda ta kasa su aji biyu, mai daraja ta ɗaya da mai daraja ta biyu, gwargwadon zurfin karatu. Dokar rajistar masu jinya ta biyo baya a 1947, ta kafa majalisarsu. Wanda ya ci jarrabawar wannan majalisa shi ne NRN, watau nas mai rajistar Nijeriya.

Bambancin harafi ɗaya tsakanin SRN da NRN ba ƙaramin abu ba ne a zamanin. Muƙamin sista na manyan ma'aikata ne, kuma an daɗe yana hannun Turawa. Mai takardar Nijeriya kuwa yana iya tsufa a ƙarƙashin Baturiyar da ya girme wa nesa ba kusa ba. Shi ya sa 'yan Nijeriya masu hali suka riƙa tafiya Ingila neman SRN. Fitacciya a cikinsu ita ce Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta shiga makarantar Nightingale a 1946, ta zama metiron ta asibitin koyarwa na Badun a 1964, sa'an nan shugabar ma'aikatan jinya ta ƙasa baki ɗaya a 1965. Makarantar jinya ta wannan asibiti, wadda aka buɗe a 1952, an tsara ta ne yadda majalisar Ingila za ta amince da ɗalibanta. A 1965 Jami'ar Badun ta buɗe sashen jinya, Jami'ar Ife kuma ta fara ba da digiri ga waɗanda suka shigo kai tsaye daga sakandare a 1973.

A 1979 doka mai lamba 89 ta haɗe hukumomin nan biyu suka zama majalisa ɗaya ta masu jinya da ungozomomi, wadda ake taƙaita sunanta NMCN. Ita ke tsara manhaja, ta shirya jarrabawa, ta yi rajista, ta ba da lasisin da ake sabuntawa lokaci-lokaci. Wanda ya riƙe wannan ya sami mabuɗin yawancin baƙaƙen. Duk inda aka ga R a farko, rajista take nufi, abin da ya biyo baya kuma shi ne fannin. RN nas ce ko nas ne mai rajista, bayan karatun da aka daɗe ana yi cikin shekara uku. RM ungozoma ce mai rajista. RPHN na lafiyar jama'a ne, RPON na ɗakin tiyata. Mace mai RN da RM ita ce ake ce wa mai takarda biyu, kuma ita asibitocin karkara suka fi bukata. BNSc kuwa ba rajista ba ce, digiri ne na shekara biyar daga jami'a. Mai shi ma sai ya zauna jarrabawar majalisa kafin ya taɓa mara lafiya da sunan nas. A 'yan shekarun nan an shiga mai da makarantun jinya kwalejoji masu ba da difloma, ƙarama da babba, watau ND da HND, amma wannan bai ɗauke bukatar rajista ba.

Akwai wani jerin baƙaƙe dabam wanda baƙo kan rikita da na farko, shi ne na muƙami. Tsohon tsari ya tashi daga sitaf nas, zuwa sista, zuwa babbar sista, zuwa metiron. Namiji kuwa, da yake ba a iya kiransa sista, sai aka ce masa sufuritanda. Tsarin yanzu ya kawar da jinsi, kowa ofisa ne: NO, sai SNO, sai PNO, sai ACNO, sai CNO, daga nan a shiga matakan darakta. Waɗannan matsayin albashi da shugabanci suke nunawa, ba fannin da aka ƙware a kai ba. Takarda ta canza, amma baki bai bi ta ba. Har gobe dattijuwar ma'aikaciya metiron ce, matashiya sista ce ko malama, tsoho mara lafiya kuma ya ce mata 'yar nan, ita ta ce masa Baba.

Magajin malamin asibiti

Da a ce RN da RM ne ke riƙe da asibitocin karkara, da zancen ya zo da sauƙi. Amma ba su ba ne. Tun cikin shirin raya ƙasa na 1975 zuwa 1980, da kuma bayan taron Alma-Ata na 1978, gwamnati ta ƙirƙiro wani rukuni na ma'aikatan lafiya matakin farko, wanda ya ƙara ƙarfi zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ke ministan lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Su ne JCHEW mai karatun shekara biyu, da CHEW mai shekara uku, da CHO wanda ke sama da su. Makarantunsu daban, watau makarantun fasahar kiwon lafiya; hukumar rajistarsu ma daban, an kafa ta a 1992. Aikinsu bisa wani littafin umarni yake, wanda ya zayyana cutar da za su yi wa magani da wadda tilas su tura gaba. A 2014 wata manufa ta gwamnatin tarayya ta faɗaɗa ayyukan da za a iya danƙa musu bayan ƙarin horo, har da wasu na haihuwa, saboda ƙarancin ungozomomi.

A doka, CHEW ba nas ba ne, ba ungozoma ba ce, ba likita ba ne. A tarihi kuwa shi ne magajin malamin asibitin En'e, yana zaune a irin ɗakinsa, yana yin irin aikinsa. Ba abin raini ba ne. Ba don shi ba da ƙauyuka da yawa ba su da kowa. Sai dai harshen bai ba mara lafiya hanyar rarrabe shi da sauran ba.

A nan ne maganar suna ta daina zama ta masana harshe kaɗai. Binciken da Kelsey Harrison ya jagoranta a Zariya, a kan haihuwa 22,774 tsakanin 1976 da 1979, ya nuna cewa matan da ba su yi awo ba, aka kawo su asibiti bayan abu ya ɓaci, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 kuma ya nuna cewa a Arewa maso Yamma haihuwar da ƙwararren ma'aikaci ya karɓa ba ta kai kashi 20 cikin 100 ba. To, irin wannan ƙidaya daga bakin mata ake ɗaukarta. In mai tambaya ta ce, wa ya karɓi haihuwarki, matar ta ce ungozoma, wacce take nufi, tsohuwar unguwa ko mai RM? In ta ce nas, mai rajista ce, ko CHEW, ko mai shara da ta daɗe a ɗakin haihuwa har hannunta ya faɗa? Mai fassara takardar tambaya yana da hannu a alƙaluman da ake tsara manufa da su, ko ya sani ko bai sani ba.

Ta wannan kafa ce kuma waɗanda ake kira ogzilari suke shiga, watau 'yan matan da wasu asibitocin kuɗi ke koya wa allura da ƙarin ruwa, su ɗinka musu fararen kaya. Majalisa ba ta san da su ba, ba su da littafin da za a soke sunansu a ciki in sun yi ɓarna. Amma a bakin unguwa su ma nas ne.

Hayin iyaka da ƙetare

Bahaushen Maraɗi ko Damagaram ya gaji wani tsari dabam, na Faransa. Can takardar gwamnati ta masu jinya ta samu ne a 1922, makarantar likitanci ta Dakar kuma, wadda aka buɗe a 1918, tana da sashen ungozomomi domin ƙasashen Afirka ta Yamma da Faransa ke mulki. Don haka baƙaƙen Nijar su ne IDE ga mai jinya da SFDE ga ungozoma, DE ɗin nan kuwa difloma ta gwamnati take nufi. Shugaban asibitin gunduma majo ake ce masa, sunan da aka gada daga soja, kamar yadda a Nijeriya ake cewa incaji. Abin sha'awa ga mai nazarin harshe shi ne a Hausar Nijar kalmar likita ta ƙara buɗewa har ta kai ga ginin kansa, ana cewa an tafi likita. A wajen ungozoma kuwa Faransanci ya fi Hausa rarrabewa, domin tun shekarun 1960, sa'ad da aka fara horar da tsofaffin ungozomomin ƙauye a jihar Maraɗi, sunansu daban yake da na mai difloma.

Yau kuma ma'aikatan jinya na Nijeriya suna fita ƙasashen waje da yawa; a Fabrairun 2024 magatakardan majalisarsu ya ce kimanin 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Wanda ya fita zai tarar baƙaƙen da ya sani sun sake ma'ana. A Ingila an daina ba da SRN da SEN, kuma tun 2013 sai da digiri ake shiga aikin. A Amurka akwai LPN mai karatun wajen shekara ɗaya, a ƙarƙashin RN, da NP a samansa, mai ikon duba mara lafiya da rubuta magani, matakin da aka fara a Jami'ar Kolorado a 1965. CNA a can mataimaki ne mai horon 'yan makonni, harafi ɗaya ne tsakaninsa da CNO, wanda a Nijeriya sai an yi shekaru ana aiki ake kai wa. RPN kuwa a Nijeriya an fi saninsa da mai jinyar masu taɓin hankali, haka ma a yammacin Kanada, amma a lardin Ontariyo na ƙasar mataki na biyu yake nufi.

Batun fassara

Gidajen rediyo da jaridu sun zaɓi ma'aikacin jinya da ma'aikaciyar jinya, kuma zaɓin ya yi kyau ta fuska biyu: ya kawar da zaton cewa aikin na mata ne kaɗai, kalmar ma'aikaci kuma ta raba shi da mai jinya na dangi. Amma bai sauka daga rediyo ya shiga ɗakin marasa lafiya ba. A can, in lokacin zagayen likita ya yi aka ce masu jinya su fita, dangi ne ke naɗe tabarma, ba masu fararen kaya ba. Kuma sunan bai ce komi a kan rajista ba, alhali ita ce ginshiƙin al'amarin.

Hausa ba ta rasa abin da za ta yi wannan aiki da shi ba. Kalmar rajista ta daɗe da zama 'yar gida, an san ɗan kwangila mai rajista da jam'iyya mai rajista, saboda haka nas mai rajista da ungozoma mai rajista ba za su yi wa kunne nauyi ba, za su kuma ba mai haƙuri ko mai tambayar bincike kalmar da zai nemi bayani da ita. Inda gizo ke saƙar shi ne wurin CHEW da JCHEW da CHO. Fassarar sunayensu kalma da kalma doguwa ce, ba mai iya kiran mutum da ita. Malamin asibiti, wanda shi ne sunansu na gado, ya riga ya zama na kowa, daga mai gwajin jini har mai ba da kati. Takardun hukuma sukan ce jami'in lafiya, wanda shi ma bai ware kowa ba. A ƙauye kuwa har yanzu likita ake ce masa, shi kuma yana amsawa.